Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Mai Binciken Kuɗi Na Jiha A Kan Ƙidayar Kayan Sito

Ranka ya daɗe,

Ina neman izini in yi maka magana a kan wani sashe na aikin ofishinka wanda, saboda ƙura da zafi da hawan buhu da ke cikinsa, manya suka daɗe da sakar wa yara shi, yara kuma suka sakar wa masu sito, wato ƙidayar kayan gwamnati da ake yi a ƙarshen kowace shekara, da takardun da ake ajiyewa don su zama hujjar cewa an yi ta. Ni tsohon ma'aikacin bincike ne, na yi shekara 35 ina bin sito-sito da koren alƙalami a aljihu kafin in ajiye aiki in koma gona. Kuma da ba don na ga hunturu ya kama, Disamba ta ƙarato ba, na kuwa san nan gaba kaɗan takardar naɗa kwamitocin ƙidaya za ta fito kamar yadda ta saba fita, da ban dame ka da surutun tsofaffi ba. Na rubuto a fili ne domin takin da maganin da littattafan da ke kulle a waɗannan ɗakuna da kuɗin talakawa aka saye su, ya kuwa kamata mai kaya ya ji abin da ake faɗa a kan kayansa.

Ba sai na tuna maka ba cewa sashe na 125 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka ikon duba littattafai da takardun ofisoshin jiha, ya ɗora maka kai rahoto gaban Majalisar Dokoki cikin kwana 90 daga ranar da Babban Akanta ya miƙo maka lissafin shekara, sa'an nan ya ɗauke ka daga ƙarƙashin umurnin kowa a cikin wannan aiki. Abin da nake so in jawo hankalinka gare shi shi ne canjin da ya auku tun Janairun 2016, lokacin da aka ɗibar wa gwamnatocin ƙasar nan su koma ga tsarin lissafin da ba ya tsayawa a kan kuɗin da ya shiga da wanda ya fita kaɗai, har dukiyar da ke ajiye da bashin da ke wuya yake so a bayyana. A da, da zarar an biya ɗan kwangila, shi ke nan kuɗin taki ya fita daga littafi. Yanzu kuwa abin da ya rage a sito ranar 31 ga Disamba yana da layinsa a cikin lissafin jiha, da adadinsa na naira, kuma a ƙarƙashin wannan adadi kake sa hannu kana shaida wa jama'a cewa haka yake. To, tambayata guda ce: ranar da ka sa wannan hannu, wane ne cikin ma'aikatanka ya ga kayan da idonsa, ina kuma takardar da za ta gamsar da baƙo cewa ya gani?

Don kada a ce ina wa'azi daga kan tudu, bari in fara da nawa laifin.

A shekarata ta huɗu da kama aiki aka haɗa ni da kwamitin da zai ƙirga kayan wani siton takin zamani a wata ƙaramar hukuma da ba sai na ambaci sunanta ba. Muka isa da hantsi, mai sito ya tarbe mu da fara'a, aka shimfiɗa wa shugaban kwamiti tabarma a inuwar darbejiya, aka kawo fura da gasasshiyar kaza, aka ɗauko leja da katin kaya aka ajiye masa a gaba. Leja ta ce akwai buhu 3,000, wato lodin tirela biyar, tun da kowace tirela buhu 600 take ɗauka. Na shiga ciki ni kaɗai, na tarar da jeri guda mai kyan gani kamar an ɗora shi da ma'aunin magini, na ƙirga tsawonsa buhu 15, faɗinsa 10, hawansa 20, na buga lissafi ya ba ni 3,000 cif, ba ƙari ba ragi. Har na ji daɗi a raina, na ce yau aiki ya zo da sauƙi. Ina shirin fita sai wani tsohon ɗan dako da ke zaune a bakin ƙofa yana ɓara goro ya ce, ba tare da ya ko ɗago kai ba, “Samari, ba ka hau sama ka sha iska ba?” Na nemi tsani, aka ce an ara. Tsohon nan ya duƙa, na taka kafaɗarsa, na kama bakin buhu na haye. A sama na tarar da tamfol shimfiɗe, na ɗaga gefensa, sai ga katakai an gitta, ƙarƙashinsu kuwa rami ne wanda ya gangara kamar rijiya, har ina hango siminti. Na zauna a can na auna bakinsa da zurfinsa, na ga abin da ya ɓace bai kasa buhu 400 ba, na rubuta haka da fensir a takardar ƙidayata.

Da na kai wa shugaba, ya karanta, ya yi shiru, sa'an nan ya ce da ni cikin taushin murya, “Yaro, yau 31 ga wata. Mai sito ya gaya mini wani babba aka ba aro, bayan hutu za a maido. Kada ka raba mutum da abincinsa a kan abin da mako guda zai gyara.” Bayan kwana uku aka kawo mini takarda bugaggiya da tafireta, fes da ita, tana cewa an ƙirga an sami buhu 3,000 daidai da leja, shugaba ya sa hannu, na biyu ya sa, ni ma na zaro koren alƙalamina na sa. Takardar fensir kuwa ban ƙara ganinta ba.

Ba a maido da ko buhu ɗaya ba. Kafin damina aka yi wa mai siton canjin wurin aiki, aka kawo wani saurayi sabon aure, wanda ya karɓi makullai bisa ga takardar kwamitinmu ba tare da ya rushe jerin ba, domin wa zai yi shakkar abin da mutum uku suka shaida, cikinsu har da odita? Da ruwa ya sauka aka soma raba wa manoma taki, rijiya ta bayyana, aka dakatar da yaron nan, aka yi ta yankan albashinsa, aka bar jaki ana dukan taiki. Lamarin ya hana ni barci, har na tafi wurin maigidana na ce ni na ga ramin nan tun bara, tun yaron bai san hanyar garin ba. Bai yi mini gardama ba. Fayil kawai ya sa aka ɗauko, ya buɗe, ya juyo mini da shi, ya ɗora yatsa a ƙasan shafi ya ce, “Wannan hannun wane ne?” Ranka ya daɗe, yau fiye da shekara 30 ke nan, ban sami amsar da zan ba shi ba.

Malamanmu na fiƙihu sun shar'anta cewa mai shaida ba ya shaida sai a kan abin da ya sani sani na yaƙini, kuma ko da yake sun yi rangwame suka karɓi shaidar ji a wasu mas'aloli ƙididdigaggu, kamar nasaba da mutuwa da daɗaɗɗen waƙafi, inda tsawon zamani ya hana a sami wanda ya gani, buhun takin da ke taku goma daga inda mutum yake zaune ba ya cikinsu. Kwamitin da ya kwafi adadi daga leja ya mai da shi kan takardar ƙidaya, ya rubuta “an ƙirga”, ya juya shaidar ji ta zama ta gani, sunan wannan kuwa a shari'a sananne ne, ko da mai yinsa bai ci ko kwabo ba. Kuma ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani tarin abinci a kasuwa, bai wadatu da kyan samansa ba, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓo danshi, ya tuhumi mai shi a kan dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama inda masu saye za su gani. Na karanta littattafan koyon bincike da dama a rayuwata, ban ga wanda ya ƙara wani abu a kan asalin da ke cikin wannan cusa hannu ba.

Turawa ma, waɗanda muka gaji wannan sana'a a siffarta ta yanzu daga wurinsu, sai da suka sha wuya suka koya. Har zuwa 1938 ba a wajabta wa mai bincike a Amurka ya je ya ga kaya ba. In takardu sun dace da juna, shugabannin kamfani kuma sun ba shi tabbaci a rubuce, ya sauke nauyi. A ƙarshen wannan shekara asirin kamfanin magunguna na McKesson & Robbins ya tonu. Shugabansa, wanda duniya ta sani da suna F. Donald Coster, ashe wani tsohon ɗan damfara ne mai suna Philip Musica wanda ya taɓa shiga hannun hukuma, ya sake suna, ya jawo 'yan'uwansa su ma da sunayen aro, suka ƙaga wani sashe na cinikin ɗanyen magani wanda kayansa wai suna ajiye a ɗakunan ajiya a Kanada. Takardar oda akwai, rasit akwai, takardar banki akwai, kowace da hatiminta, kuma masu bincike na Price Waterhouse sun bi su shekara da shekaru suna samun kome daidai. Abin da babu shi ne maganin kansa, da ɗakunan da aka ce yana ciki. A cikin dukiyar dala miliyan 87 da kamfanin ya nuna, wajen miliyan 19 iska ce, kusan rabinta kayan sito, sauran kuwa bashin da ake bin mutanen da ba a taɓa haifa ba. Ma'ajin kamfanin ne ya fara shakka, da ya ga sashen da ya fi kowane riba ba ya kawo tsabar kuɗi gida. Coster ya harbe kansa a watan Disamba na 1938, a 1939 kuma ƙungiyar akantocin Amurka ta mai da halartar ƙidaya da tambayar waɗanda ake bi bashi kai tsaye suka zama ƙa'idar aiki.

Amma kada a ɗauka zuwa wurin kaɗai ya isa, domin ni ma ai na je, na kuma ƙirga. A 1963, a garin Bayonne na jihar New Jersey, wani ɗan kasuwa mai suna Anthony De Angelis ya ci bashin miliyoyin daloli da jinginar man girkin da ke cikin manyan tankunansa, wani reshe na American Express yana ba da takardar shaidar cewa man yana nan. Masu dubawa suna zuwa, suna hawa, suna zura ma'auni ta sama, ya fito da mai shar. Alhali kuwa ruwa ne cike da tankunan, mai ɗan kaɗan yana yawo a kansa, tun da kowace mai tuya ta san mai ba ya nutsewa a ruwa. Wani lokaci kuma, kafin masu dubawa su sauko daga wannan tanki su hau wancan, an tura man ta bututu ya riga su isa, su sake ƙirga abin da suka riga suka ƙirga. Da abin ya fashe a watan Nuwamba, asarar ta haura dala miliyan 150. Duk sa'ad da na tuna da wannan sai in ga tamfol ɗin nan nawa. Dabarar ɗaya ce, kuɗin ne kawai ya bambanta.

Namu dabarun na gida ka san su, ko da yake mai yiwuwa an daɗe ba a faɗa maka su baki da baki ba. Akwai aron kaya, inda mai sito zai je kasuwa wurin abokinsa ɗan tireda ya ɗebo katan-katan ya cika gurbi daren ƙidaya, ya mayar washegari. Akwai ɗaukar kaya daga siton da aka gama ƙirgawa jiya zuwa wanda za a ƙirga gobe, abin da ba zai yiwu ba da a rana ɗaya ake ƙirga sitocin da ke kusa da juna, ba a kuma sanar da wanda odita zai halarta ba. A siton magani akwai kwalin da aka liƙe da kyau ba kome ciki, da wanda ke cike amma wa'adinsa ya wuce tun bara, ana lissafa shi da cikakken kuɗinsa. Mafi yawa kuma mafi wuyar kamawa shi ne na makon ƙarshe na Disamba, sa'ad da kowace ma'aikata take rige-rigen kashe abin da ya rage mata kafin a rufe littafi, a matsa wa mai sito ya rubuta baucan karɓar kayan da ba su iso ba don a biya ɗan kwangila, a kan alkawarin zai kawo a Janairu. Maganin wannan ba ya bukatar na'ura: mai bincike ya rubuta lambar baucan karɓa ta ƙarshe da ta fitarwa ta ƙarshe kafin a taɓa buhu ɗaya, ya ja layi a ƙarƙashinsu, ya hana shige da fice har a gama. Sa'an nan ya yi gwaji ta fuska biyu, ya ɗauki abu a takarda ya je ya nemo shi a ƙasa, don ya kama abin da aka rubuta babu shi, ya kuma ɗauki abu a ƙasa ya nemo shi a takarda, don ya kama abin da ke nan ba a rubuta ba, wanda shi ne yakan yi ƙafa bayan an watse. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jerin da ba a iya ganin cikinsa a rushe shi, ko da za a biya 'yan dako.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wato fayil. Mu da muka yi karatun zaure mun san cewa malaman hadisi ba su karɓar magana don daɗinta, sai sun tambayi isnadinta: wa ya ji daga wa, a ina, sun ma haɗu kuwa? Sun kuma ware suna na musamman, tadlisi, ga mai ruwayar da ke yin magana yadda za a zaci ya ji da kunnensa alhali bai ji ba. Fayil ɗin bincike isnadin sa hannunka ne. Ƙa'idar bincike ta duniya mai lamba 230 ta tsaya a kan ma'auni guda, cewa gogaggen mai bincike wanda bai taɓa sanin aikin ba ya iya ɗaukar fayil ya gane abin da aka yi, da lokacin da aka yi shi, da abin da aka samu, da dalilin hukuncin da aka yanke. Ta nemi a rubuta wanda ya yi aikin da ranar da ya gama, da wanda ya duba bayansa da ranar da ya duba, a kuma ambaci ainihin abin da aka gwada yadda wani zai iya komawa kansa. Ta ce bayanin baki shi kaɗai ba ya zama madogara. Ta kuma nuna a kammala haɗa fayil cikin kwana 60 bayan rahoto, a ajiye shi shekara 5 ko fiye, kada a cire kome daga cikinsa. 'Yar'uwarta mai lamba 501 ita ce ta wajabta halartar ƙidaya in kayan suna da yawan da zai shafi lissafi. Da a ce an bi ta farkon a shekarar nan tawa, da takardar fensir tana cikin fayil, da maganata ta sami abin jingina, da yaron nan bai biya bashin da bai ci ba.

Saboda haka ina roƙonka, in fayil ɗin ƙidaya ya zo teburinka, ka yi shakkar wanda ya cika tsabta. Takardar da ta shiga sito da gaske takan fito da ƙura, da shatin yatsa, da adadin da aka soke aka sake rubutawa aka sa hannu a gefensa. Wadda ta fito fes daga kwamfuta, kowane layi ya dace da leja har zuwa ƙwayar allura, a sito mai kaya iri ɗari biyar, ita ce ta cancanci tambaya, domin ban taɓa ganin siton da ɓera da yoyo da kuskuren ɗan Adam suka ƙyale shekara guda cur ba. Ka sa a ba takardun ƙidaya lamba tun kafin a raba su, a maido da su duka, har da waɗanda suka ɓaci da waɗanda ba a yi amfani da su ba. Ka hana alamar koren alƙalami wadda ba a fassara ta a ƙasan shafi ba, domin na sha ganin shafi cike da ƙananan alamu kamar sawun kaji, in tambayi mai su ko wannan na nufin ya gani da ido ne ko ya gwada da leja ne, ya tsaya yana susar ƙeya. Mai dubawa kuma ya bar rubuta “na gani” kawai. Ya rubuta tambayar da ya yi, da amsar da aka ba shi, da abin da ya gamsar da shi. In ƙaramin ma'aikaci ya saɓa wa shugaban kwamiti, a ba shi hanyar da zai rubuto saɓaninsa zuwa ofishinka kai tsaye, a kuma ajiye shi a fayil ko da daga baya an ga shi ne bai yi daidai ba. Hoton waya mai kwanan wata ma, wanda mu ba mu samu ba a zamaninmu, yanzu ba ya cin ko sisi.

Saura magana ɗaya wadda ba na jin daɗin faɗarta. Sau da yawa akan tura yaranka ƙauye ba kuɗin mota, ba na kwana, a ce su je za a biya su daga baya, sai mai siton da suka zo bincika ya zama shi ne mai masaukinsu, shi ne mai zuba musu mai, shi ne mai kazar. Baki kuwa in ya ci, ido kan ji kunya. Ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani abu a kan kyauta ce aka yi masa, Manzon Allah ya yi masa hisabi ya kuma hau mumbari ya yi tsawa a kai, ta ishe mu dalili. Amma kafin a tsawata wa yaro sai an cika masa aljihu da haƙƙinsa tun bai bar gida ba, kuma neman wannan kuɗi a cikin kasafin ofishinka ya fi sayen sababbin labule.

Ba na neman ka halarci kowane sito, na san ma'aikatanka ba su kai ba. Ina roƙo dai a bana ka zaɓi ko da goma daga cikin manya, na taki da na magani da na kayan makaranta, ka riƙe sunayensu a cikinka har safiyar ranar, ka tura mutanen da ka sallama da guzurinsu, ka kuma ce takardun asali kake so a kawo maka, da ƙurarsu. Sa'an nan a rahotonka na gaban Majalisa ka faɗi sito nawa aka halarta, nawa ne kuma aka dogara da faɗar masu su, don 'yan kwamitin duba asusun gwamnati su san wanne ne gani wanne ne ji. In kuwa ka ga dama ka fita da kanka zuwa ɗaya daga cikinsu, ka sa a ɗora tsani a bayan mota tun daga nan, kada ka dogara da na can.

Ina neman gafara in na zarce iyaka. Allah ya taimake ka, ya sa ka gama lafiya. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon ma'aikacin ofishinka